Tamalla da Kan Kaisar

Tun kafin a aza tubalin farko a garin nan, tun kafin kakannin kakanninmu su san alƙibla, mutanenmu ba a nan suke ba. Can arewa suke, bayan rairayi, bayan duwatsun da ke bayan rairayin, a wata ƙasa ta zaitun da alkama wadda Rumawa suka ci da yaƙi suka zauna a kanta. A ƙarshen ƙasar, inda gona ke ƙarewa daji ya soma, akwai wani gari a gindin tsauni, da idon ruwa guda ɗaya da kowa ke sha. A dajin bayan garin nan wata mace take farauta, ana ce mata Tamalla.

Ba farautar nama kaɗai take yi ba. Rumawa mutane ne masu son kallon dabba tana cin mutum ranar bikin gumakansu, saboda haka zaki da damisa suke nema da ransu, ba gawa ba. Tamalla ta gaji sana'ar wurin ubanta. Ta san haƙa rami a rufe shi da kara, ta san inda ake ɗaure ɗan akuya, ta san yadda ake jan zaki cikin keji ba tare da ya karya ƙafa ba. Maharba na yi mata kirari: Tamalla mai rami, uwar raga, wadda zaki ke hangowa ya sake hanya. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma da kyan da za a tsaya ana faɗa. Ƙarfin wuya da kafaɗa gare ta, shi ne kuwa ya yi mata rana.

Mutanen garin suna da abin bautarsu tun kaka da kakanni, suna ce masa Mai Tsauni. Da Rumawa suka zo ba su rushe shi ba. Haka al'adarsu take, ba sa faɗa da gunkin kowa, don tsoron kowanne suke ji. Suka hau suka dube shi, suka ce ai sun san shi, a garinsu Saturnu ake ce masa. Suka gina masa ɗakin dutse suka sauko. Abu ɗaya suka ƙara. A tsakiyar dandali suka kafa mutum-mutumin sarkinsu Kaisar yana zaune bisa kujera, jikinsa na farin dutse, kansa na tagulla, da idanun ƙarau masu bin mutum duk inda ya tsaya. Ranar bikinsa kowane magidanci zai zo ya jefa lubban a wuta a gabansa, ya zuba ruwan inabi a ƙasa. Wanda ya yi haka, ya je ya bauta wa abin da ya ga dama. Wanda ya ƙi, zakunan Tamalla na jiransa. Ita kuwa ba ta taɓa tambayar wa suke ci ba.

Mai Tsauni ba lubban yake ci ba. Mafi yawan shekaru rago ya ishe shi, amma in an yi masa bakancen ɗa, ɗa yake karɓa. Kuma akwai sharaɗi: jariri ne wanda bai fitar da haƙori ba. A baki, Rumawa sun hana wannan, har an ce a zamanin da sun kafe masu yin sa a jikin itatuwan bakin ɗakin gunkin. Amma an daɗe da wannan, kuma tsauni yana da tsawo, ba duk abin da ake yi a kansa ake ji a sansanin soja ba.

Wata shekara Mazik, mijin Tamalla, ya zame ya faɗa ramin da suka haƙa tare, ga zaki a ciki. A can ƙasa, numfashin dabbar na dukan fuskarsa, ya ɗaga murya ya ce in ya fita da rai, ɗansa na fari na Mai Tsauni ne. Maharba suka ji. Ya kuwa fita. A lokacin ba su da ɗa, kuma ba shi zai yi naƙudar ba, shi ya sa bakinsa bai yi nauyi ba.

Daga baya aka haifi yaron, aka sa masa Yadir. Mazik ya dube shi, ya kasa hawa tsauni. Yau ya ce gobe, gobe ya ce sai an yi girbi. Yaron bai kai ga zama ba zazzaɓi ya kwantar da uban, bai tashi ba. Ana cikin makoki idon ruwan garin ya fara ja da baya. Mata suka riƙa dawowa da rabin tulu, rabin ma laka. Ba wanda ya ce wa Tamalla komai, amma in ta iso bakin ruwa hira na mutuwa, idanu su koma kan goyonta.

Da hantsi wata rana Barik ya zo. Shi ne sarkin tsafin tsauni, kuma baffan Mazik ne, shi ya karɓi aurenta da hannunsa. Ya zauna a ƙofar ɗaki, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kwanan yaro. Sannan ya miƙo hannu ta ba shi, don ba a hana kaka jikansa. Ya yi masa wasa har yaron ya yi dariya. Yana cikin dariyar tsohon ya zura masa yatsa a baki, ya shafa dasashi sama da ƙasa, a hankali, kamar mai duba akuya a kasuwa.

Ya ce, "Ya fara tauri, matar ɗana. Ranar da aka sa lauje a alkama za mu hau."

Tamalla ta taɓa tsayawa cikin taron irin wannan hadaya tana budurwa, ta san yadda ake yi. Ana kaɗa ganguna ana busa sarewa da ƙarfi don kada a ji kukan jariri. Uwar takan tsaya a gaba, fuskarta a buɗe, jama'a na kallonta. In hawaye ya zubo mata ko ɗigo ne, hadayar ta ɓaci, sai an kawo wani ɗan daga gidan.

Ta durƙusa ta ce, "Baffa, in kamo masa zaki. In kamo masa biyu. In shiga dutse in kawo ragon da ba a taɓa ganin irin ƙahonsa ba."

Barik ya miƙa mata yaron, bai dube ta ba. Ya ce Mazik bai ce rago ba a cikin rami.

Ta yi tunanin gudu daji, amma sun riga ta. Kafin rana ta karkata samarin dangi suka zo suka kwashe bakanta da kwarinta da raga, wai za su gyara mata. Matan gidan suka kawo tabarminsu ɗakinta, wai taya ta zaman kaɗaici. Wasu samarin suka koma zama a ƙofofin gari. Kullum da safe tana zura wa yaron yatsa a baki, tana roƙon abin da ba ta san wa take roƙo ba. Dasashin nan sumul. Alkama kuwa ta yi ja a gonaki.

To, akwai wata doka ta Rumawa da bayi suka fi kowa sani. Duk wanda ya kama jikin mutum-mutumin Kaisar, ba mai taɓa shi muddin hannunsa na kai. Ko ubangidansa ne, ko soja ne. Wanda ya ɗaga masa hannu, Kaisar ya ɗaga wa, kuma hukuncin wannan ba ya wuce kisa. Har ana faɗi cewa a birnin Rum wani attajiri ya rasa ransa don ya mari bawansa alhali bawan na sanye da zobe mai fuskar sarki. 'Ya'yan gari ba sa yin wannan gudu, abin kunya ne, kamar mutum ya ce ya bar abin bautar gidansu ya koma na baƙi. Shi ya sa masu tsaronta suka tsare ƙofofin gari, ba wanda ya tuna da dandali.

Safiyar da aka fara wasa lauje, matan suka fita da ita ɗebo ruwa, suna kewaye da ita. Hanyar ta ratsa gefen dandali. Tamalla ta saki tulu ya fashe a ƙafar wadda ke kusa, ta ture ta biyu, ta zura da gudu da goyonta. Ta ji ƙafafu a bayanta, ta ji wani ya cafki bakin zaninta ya yage. Ta faɗa kan matakala da gwiwa, ta miƙa hannu ta damƙe babban yatsan ƙafar Kaisar.

Ƙafafun da ke bin ta suka tsaya cak.

Aka kira Rufu, shugaban sansanin. Siririn mutum ne, rana ta ƙone masa fata, yana nesa da gida da sojoji kaɗan a cikin mutanen da ba ya jin yarensu. Matsoracin gumaka ne na gaske. Yana yi wa ƙofar gidansa hadaya, yana yi wa murhu, yana yi wa dutsen iyaka. Tamalla ta iya guntun yarensu wurin cinikin dabbobi, ta gaya masa komai. Ya saurara, ya dubi Barik, ya dubi taron da ya cika dandali, ya ɗaga kai ya dubi tsaunin. Shi ma daga idon ruwan nan yake sha, kuma Saturnu ba baƙonsa ba ne.

Ya ce shi bai ji maganar hadaya ba. Rigimar dangi ya ji, kuma a dokar Rum ɗa na gidan ubansa ne. Ya ce muddin hannunta na jikin Kaisar, duk wanda ya taɓa ta zai mutu. Sannan ya ƙara da cewa dokar ba ta ce a ba ta abinci ba, ba ta ce a ba ta ruwa ba. Ya sa sojoji a kusurwoyin dandali ya koma inuwa.

Nan aka zauna jira. Rana ta hau, farin dutsen ya ɗauki zafi har tafin hannunta ya yi bororo. In za ta sauya hannu sai ta aza na biyu kafin ta ɗaga na farko, don samarin Barik na tsugune taki kaɗan daga ita, idanunsu a kan yatsunta. Da hannu ɗaya take kwance goyo, da hannu ɗaya take ba da nono. Barci ya zama abokin gaba. In gyangyaɗi ya ɗebe ta sai ta farka a firgice ta ga sun matso. Rana ta faɗi ta fito, ta sake faɗuwa ta fito. Harshenta ya kumbura. Nono ya fara ƙafewa, kukan yaron ya koma kamar na ɗan mage.

Barik bai bar wurin ba, kuma ba wanda ya ga ya ci wani abu. Da ya ga leɓunanta sun tsage, ya sa aka kawo ƙwarya cike da ruwa, ya auna da idonsa, ya ajiye ta da kansa inda hannunta ba zai kai ba. Ta kwanta ta miƙa jiki iyakar tsawonta, ta miƙa ƙafa, yatsanta ya rage kaɗan ya taɓa bakin ƙwaryar. Bai kai ba.

Ya ce, "Sha, 'yata. Ba mai hana ki."

Ta dawo ta jingina da ƙafar gunkin. Ta san in rana ta sake hawa, ko ta saki ko ta suma, duk ɗaya ne. Ta ɗaga kai ta dubi wanda ta zo wa. Idanun ƙarau na kallonta, ba tausayi ba fushi. Tana tsoron fuskar nan fiye da yadda ta taɓa tsoron zaki, don zaki ta san abin da yake so. Sai idonta ya sauka kan wuyansa, inda tagulla ta haɗu da dutse, ta ga ɗan tsagi baƙi ya kewaye shi.

Nan ta tuna. Shekarar da tsohon Kaisar ya mutu, ita ta kawo damisar bikin naɗin sabo. Tana tsaye da kejinta ta ga abin da Rumawa ke yi in sarki ya sauya. Ba sa sassaƙa sabon jiki. Kai kawai suke cirewa su ɗora wani. Ta ga maƙeri ya hau ya murɗa tsohon kan hagu, ya ɗaga, ya miƙa aka kai ɗakin ajiya. Ta kuma ji yana gunaguni cewa ba zai narka darma ya liƙe sabon ba, don a shekarun nan sarakunansu ba sa daɗewa.

Ta gyara goyo, ta ɗaure majanyi da haƙori da hannu ɗaya. Ta miƙe tana bin jikin dutsen da tafin hannu, daga ƙafa zuwa gwiwa. Ta taka ƙafar Kaisar ta hau cinyarsa. Mata suka fara rufe fuska. Ta rungumi kan da hannu biyu, kuncinta a jikin kuncinsa mai zafi, tana jiran tsawa ta faɗo mata. Ta murɗa hagu. Ya yi ƙara kamar ana jan dutsen niƙa, ya taso.

Ta sauko da shi a ƙirji, fuskarsa na kallon jama'a. Abin da ta fara yi, ta taka zuwa wurin ƙwaryar, ta durƙusa ta kafa baki ta sha kamar dabba, don ba ta yarda ta saki hannu ba. Tana miƙewa iska ta taso ta shiga ta wuyan kan, ashe cikinsa rami ne, ya yi wani gunji mai tsawo. Wasu sojoji suka zube da gwiwa. Ita kanta saura kaɗan ta jefar da shi.

Rufu ya zo a guje yana ba da umarni a kama ta. Ba wanda ya motsa. Kowane soja yana duban na kusa da shi, don duk wanda ya nuna mashi, fuskar sarki ya nuna wa, kuma ga shaidu cike da dandali. In aka fizge ta kan ya faɗi ƙasa, wa za a ce ya kayar da Kaisar? Rufu ya zare takobinsa da kansa. Tamalla ta juyo da fuskar ta saita shi. Ya tsaya da takobi a sama, idanun ƙarau a kansa, idanun mataimakinsa da ya daɗe yana son kujerarsa su ma a kansa. Hannunsa ya sauko a hankali.

Ta bi ta tsakiyarsu suna darewa. A ƙofar gari ta tarar da jaki ɗauke da salka, ta saɓa ɗaya a kafaɗa, mai jakin ya kauce mata. Ta fuskanci kudu ta shiga daji.

Suka biyo ta, sojoji a gaba, Barik da samarinsa a baya, ba sa matsowa ba sa komawa, kamar angulaye na bin dabba mai rauni. In ta tsaya su tsaya. In za ta runtsa sai ta ɗaure kan a wuyan hannunta da tsumma, ta rungume shi ta gefe ɗaya, yaron ta gefe ɗaya. An ce a hanyar wani zaki ya fito daga kurmi ya tsaya tsakaninta da su, ya dube ta, ya kwanta har ta yi nisa. Haka aka faɗa mana, haka nake faɗa.

Suka iso dutsen iyaka, inda ƙasar Rum ta ƙare. Sojan Rum ba ya ƙetare iyaka sai ya tambayi gumakansa, kuma kaji suke tambaya. Suna yawo da su a akurki. In aka watsa tsaba suka ci da haɗama, an yarda a tafi. In suka ƙi, an hana. Aka buɗe akurki aka watsa. Kajin suka fito baki buɗe, fikafikai a ƙasa, ba wadda ta dubi tsaba. Wasu sun ce gumakan ne suka hana. Wasu sun ce Rufu ya dubi rairayin da ke gabansa tun jiya, ya sa aka hana kajin ruwa. Ya kira ta daga nesa ya ce ta ajiye kan, ya yi rantsuwa ba zai bi ta ba. Ta nuna masa Barik da haɓa, ta ci gaba da tafiya. An ce da Rufu ya koma, tsohon kan ya ɗauko daga ɗakin ajiya, ya sa maƙeri ya rage masa hanci don ya yi kama da sarki mai ci, aka ɗora, aka ci gaba da ƙona lubban.

A nan ne tsoronta ya ƙaru. Bayan dutsen iyaka kan Kaisar ba ya kare kowa. Barik ya san haka, ita ma ta sani. Ba ta da baka, ba ta da ko wuƙa. Amma ta san dajin, su kuwa 'yan gari ne. Ta bi da su ta kan tsakuwa mai yanka ƙafa, ta kauce wa duk inda ta san akwai ruwa. Samarin suka riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya da salkunansu a bushe. In ta waiwaya sai ta hangi ɗigon baƙi guda ɗaya yana tafe. Tsohon bai juya ba. Bayansa kuma ga tsaunin, yana ƙanƙancewa amma bai ɓace ba, kuma duk gajimaren da ya taso daga can sai ta ji kamar ita ake nema.

Salkarta ta ƙare a wata busasshiyar ƙorama. Yaron ya daina kuka gaba ɗaya, shirun nan kuwa ya fi kukan tayar mata da hankali. Ta bi ƙoramar tana duba ƙasa har ta ga inda jakunan jeji suka tona da kofato. Ta ajiye kan a karo na farko, ta shiga tono da hannu da faffaɗan dutse. Ta tona har ramin ya kai ƙugunta, ya wuce. Rairayi ya yi sanyi, ya yi danshi, ruwa ya fara tsattsafowa a ƙasa, amma gefen ramin na zubowa, in ta tsaya a ciki zai rufta da ita. Ta fito. Ba ƙwarya, ba guga, salka kuma ta tsage.

Ta daɗe tana kallon kan. Wannan shi ne wanda ƙasashe ke ƙona wa turare, wanda aka jefa wa zakunanta mutane dominsa. Ta kifa shi, wuya sama. Ta yage zaninta ta tufka igiya ta ɗaura a ƙarfen da ke cikin wuyan. Ta zura shi cikin rami, ta runtse ido. Ba abin da ya faɗo daga sama. Ta jawo shi da nauyi. Ido ɗaya ya fita, ruwa na tsiyaya ta nan, ta toshe da tsumma. Ta ɗiga wa yaron a baki, ta sha, ta sake sha, ta zauna har ta ji nono ya fara sauka.

Da la'asar Barik ya iso da rarrafe. Idanunsa sun faɗa, leɓunansa sun yi baƙi, amma wuƙar hadaya na nan a ɗamararsa. Tamalla ta cika kan da ruwa, ta auna da idonta, ta ajiye shi inda hannunsa ba zai kai ba.

Ta ce, "Jefo wuƙar, Baffa."

Ya jefo. Ta tura masa da ƙafa. Ya kafa kai a wuyan Kaisar ya sha har ya shaƙe. Da numfashinsa ya dawo ya kwanta rigingine ya fara magana, ba kamar sarkin tsafi ba, kamar tsoho. Ya ce ita tana ganin shi ba ya tsoro ne? Tun yana yaro aka hau da shi tsaunin, bai ƙara barci mai daɗi ba. Ya ce bakance ba ya mutuwa da wanda ya yi shi, a kan gida yake. In bai koma da wannan ba, jama'a za su nemi na kusa a gidan, na kusa kuwa ita ce jaririyar da Sisa, matar ɗansa na cikinsa, ta haifa bayan nata.

Ya ce, "Ko naki, ko nawa. Ban ga na uku ba."

Tamalla ta dube shi. Wuƙar na hannunta yanzu, kuma ta san inda ake soka wa dabba ta mutu ba ta wahala ba. Tana cikin wannan tunanin, yaron na kan nono, sai ta ji wani zafi kamar an soka mata ƙaya. Ta cire shi ta duba. Ta ajiye wuƙar. Ta ja jiki zuwa wurin tsohon, ta kama yatsansa, wanda ya shafa dasashin a ƙofar ɗakinta, ta zura a bakin yaron. Yaron ya cije shi.

Barik ya daɗe da yatsa a wurin. Haƙori ne, ɗan tsinke fari, a dasashin ƙasa. Mai Tsauni ba ya karɓar wannan kuma. Tsohon ya janye hannu ya dubi arewa, fuskarsa ta koma irin tata ranar da ya zo mata da hantsi.

Ta ce, "Tashi ka je ka ɗauko su Sisa. Ruwa ya ƙafe a can, ga ruwa a nan. Ka ce kana kai yarinyar wanka a wani ido kafin hawa, kai ne sarkin tsafi, wa zai tambaye ka?"

Ya ce Mai Tsauni zai gan su. Ta ce ta tafi da ɗan da aka yi masa bakance a baya rana tsaka yana kallo, har yanzu ga ta zaune.

Ta ɗinke masa salka da jijiya, ta cika, ta nuna masa gajeriyar hanya mai ruwa. Wuƙar ba ta mayar masa ba. Bayan tafiyarsa ba ta yarda da shi ba, ta haƙa ramuka kewaye da wurin ta rufe da kara, irin na zaki. Kullum tana hawa tudu tana duban arewa, ba ta san ko dangi za ta gani ba ko masu ganga da sarewa. Wata safiya ta hangi mutane. Ta ƙirga inuwarsu. Tsoho ne, da namiji yana kora awaki, da mace da goyo. Ta sauko da gudu ta tare su kafin su faɗa ramukan.

Bayansu wasu suka zo, duk gidajen da ke da bakance a kansu. Da 'yan sintirin Rum suka fara leƙowa, suka tashi suka yi kudu, daga ruwa zuwa ruwa, shekara bayan shekara, kan nan na rataye a jikin jaki yana aikin guga. Barik bai kai ƙarshen tafiyar ba. Har ya mutu bai taɓa kwanciya da baya ga arewa ba, kuma in aka yi tsawa yana ƙirga jikokinsa. Tamalla ta iso nan da furfura, Yadir na da gemu. Ta ga ciyawa, ta ga gawo, ta ce a tona.

Ita ce rijiyar da ke bayan kasuwa, ita ta sa ake ce wa garin nan Kantagulla. Da gugan ya huje ya daina riƙe ruwa, ta sa aka binne shi a gindin gwafar da ake ratsa igiya. Ranar ta tara jama'a ta kafa doka. Ta ce wanda duk ya kama gwafar nan, ba mai taɓa shi, ko ɓarawo ne, ko bawa, ko matar da ta gudo, har sai dattawa sun zauna sun ji ta bakinsa. Wannan ta Rumawa ce, ta ce, ta kuwa amfane ta. Sannan ta ƙara tata: wanda ya biyo shi, shi zai ja guga da hannunsa ya ba shi ruwa, a baki, ba a ajiye a ƙasa ba.

An sauya gwafar ba adadi, addini ya zo ya share gumaka, amma wannan doka ba ta taɓu ba. Ko bara wani mahauci ya biyo wanda ya sace masa ɗan maraƙi da wuƙa tsirara har bakin rijiyar. Kasuwa na kallo ya soke wuƙar a ƙasa, ya ja guga yana huci, ya ɗora wa ɓarawon a baki, ya tsaya riƙe da shi har mutumin ya ƙoshi.